Yadda Ake Fahimtar Kalmar “Comprehensive” da Yadda Ake Aiki da Ita

Akwai kalmomin Ingilishi da suke shigowa rayuwar mutum ko da bai neme su ba, kuma *comprehensive* tana cikin na gaba-gaba. Ana ganin ta a allon makarantun sakandare da ƙofar wasu cibiyoyin lafiya, tana kan takardar inshorar mota, tana kuma cikin sunayen manyan yarjejeniyoyin duniya da ake ji a labarai. Yawancin masu karanta ta sukan ɗauke ta da ma'anar “komai da komai” su wuce. Wannan fahimta tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma ɗan abin da ya rage ɗin shi ne yake jawo wa wani asarar kuɗi, ya sa wani ya rubuta rahoton da ya ɗauki alkawarin da bai cika ba. Abin da kalmar take nufi shi ne abu ya game dukkan sassa, ko kusan dukkansu, amma a cikin wata iyaka da aka riga aka shata. Wanda bai san iyakar ba, bai gama jin abin da kalmar ta faɗa masa ba.

Asalinta da furucinta

Kalmar sifa ce, wato aikinta ta yi bayanin suna. Ta shigo Ingilishi a ƙarni na 17, kuma tushenta aikatau ne na Latin, *comprehendere*, wanda ya haɗa guntu biyu: na farko yana nufin “tare”, na biyu yana nufin “kamawa”. Ke nan asalin ma'anar ita ce a haɗa abubuwa a kama su gaba ɗaya. Daga wannan tushe reshe biyu suka fito. Ɗaya shi ne kamawa da hankali, wato ganewa, kamar yadda muke cewa yaro ya kama karatu. Ɗayan kuma shi ne tattarowa da ƙunsa. Kalmarmu a yau tana kan reshe na biyu ne, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin rikicin da ake yi da ita mafi yawa daga cakuɗa rassan biyu yake tasowa.

Gaɓoɓinta huɗu ne, kuma ana ɗora ƙarfin murya a kan ta uku, wato *hen*. Baƙin da ke gaɓa ta biyu *p* ne, ana haɗe leɓɓa a sake su, ba a mai da shi *f* yadda harshenmu ya saba. A rubuce, ƙarshenta *sive* ne da *s*, ba da *c* ba. Tunda kuma da baƙi ta fara, *a* ake sa mata a gaba, ba *an* ba.

Tambayar farko: me ta game?

Duk inda ka ci karo da wannan kalma, abu na farko shi ne ka dubi sunan da take rakiya, domin shi ne yake shata mata iyaka. Misalin da ya fi fito da wannan fili yana cikin tarihin makaman nukiliya. A watan Agustan 1963, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun sa hannu a birnin Mosko kan yarjejeniyar da ta hana gwada bam ɗin nukiliya a sararin sama da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa, amma ta bar ƙofar gwaji a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka aka san ta da sunan *partial*, wato ta wani ɓangare. A 1996 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata sabuwa wadda ta hana kowace irin fashewar nukiliya a ko'ina, har da ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce aka sa wa *comprehensive* a cikin sunanta. Sai dai a lura: abin da ta game shi ne gwaji. Ba ta hana ƙasa ta riƙe makaman da take da su ba, domin wannan yana wajen iyakarta. Har yanzu ma ba ta fara aiki a hukumance ba, tunda wasu daga cikin ƙasashe 44 da aka shardanta amincewarsu ba su tabbatar da ita ba.

Haka abin yake da yarjejeniyar zaman lafiyar Sudan da aka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairun 2005, tsakanin gwamnatin Khartoum da ƙungiyar 'yan tawayen Kudu, SPLM, ta John Garang. An kira ta *Comprehensive Peace Agreement* ne domin ta haɗa dukkan batutuwan da aka daɗe ana tattaunawa ɗaya bayan ɗaya: rabon mulki, rabon arzikin mai, tsarin tsaro, batun yankin Abyei, da na jihohin Kordofan ta Kudu da Blue Nile, da kuma ƙuri'ar raba gardama wadda ta kai ga ɓallewar Sudan ta Kudu a Yulin 2011. Amma yaƙin Darfur, wanda ya ɓarke tun 2003 kuma yake ci a daidai lokacin da ake sa hannun, ba ya cikinta. Wanda ya ji sunan ya zaci an kashe dukkan wutar da ke ƙasar, ya yi wa kalmar fassarar da ta fi ƙarfinta. Ta game rikicin Arewa da Kudu ne, ba rikice-rikicen Sudan baki ɗaya ba.

Ɗaliban hadisi sun san wannan bambanci tun kafin su ji kalmar Ingilishi. A wurin malaman hadisi, littafin da ake kira *Jami'i* shi ne wanda ya tattaro dukkan manyan babobi, kamar aƙida da hukunce-hukunce da ladubba da tafsiri da tarihi da falaloli da fitinu, saɓanin *Sunan* da ya fi mai da hankali kan babobin fiƙihu. Cikakken sunan da Imamu Bukhari ya sa wa littafinsa ya ƙunshi kalmar *al-Jami'*, kuma a cikin sunan nan guda akwai kalmar *al-Mukhtasar*, wato taƙaitacce. Babu karo tsakanin biyun. Littafin ya leƙa kowane babi, amma bai ce ya kwashe dukkan ingantattun hadisai ba. A ganina babu abin da ya fi wannan kusa da ma'anar *comprehensive*: kowane sashe ya samu wakilci, ko da ba a ƙirga kowane ɗaya ɗaya ba.

Inda rashin sani yake cin kuɗi: takardar inshora

A nan ne ya kamata a dakata sosai, domin a nan kalmar take da farashi. Doka a Nijeriya ta wajabta wa kowane mai mota ya yi inshorar da ake kira *third party*. Ma'anar sunan ita ce kai ne mutum na farko, kamfanin inshora na biyu, wanda ka buge ko ka lalata wa dukiya kuma shi ne na uku, kuma shi kaɗai za a biya diyya. Motarka ko ta murƙushe, babu ruwan kamfani. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, tare da diyyar dukiya da ta kai naira miliyan 3. A cikin wannan sanarwa hukumar ta ce kuɗin inshorar *comprehensive* ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba. Ke nan motar da aka ƙiyasta naira miliyan 10, mai ita zai biya aƙalla naira 500,000 a shekara. Duk wanda ya fitar da irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya san abin da ya saya.

Abin da ya saya shi ne wannan: diyyar mutum na uku, da gyaran motarsa idan ta yi haɗari, da biyansa idan ta ƙone ko aka sace ta. An kira ta da wannan suna ne domin ta haɗa manyan nau'o'in asarar da ake yi wa inshora. Amma ka buɗe takardar ka wuce shafin farko mai ɗauke da sunanka da lambar mota da lambar inji, ka nemi wurin da aka rubuta *exclusions* ko *exceptions*, galibi da ƙananan haruffa. A nan aka jera abubuwan da kamfani ya cire hannunsa daga kansu. Za ka tarar da lalacewar inji da tsufa ya kawo, da suɗewar taya, da haɗarin da ya auku direba ba shi da lasisi ko yana cikin maye, da asarar da yaƙi ya jawo. Za ka kuma tarar da sharaɗin amfani: idan an rubuta motar a matsayin ta gida sannan aka shiga kabu-kabu da ita aka yi haɗari, kamfani yana iya ƙin biya. A takardu da yawa, ambaliya da tarzoma ba sa shiga sai an nemi a ƙara su an kuma biya ƙarin kuɗi, abin da ya kamata mazauna unguwannin da ruwa ke ci kowace damina su tambaya da bakinsu kafin su sa hannu. Daga nan ka nemi kalmar *excess*, wato adadin da kai za ka fara ɗauka daga kuɗin gyara kafin kamfani ya biya ragowar. Idan gyaran bai kai wannan adadi ba, daga aljihunka zai fito gaba ɗaya. Masu hulɗa da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, su ma za su ga kalmar a takardunsu, kuma wajibi ne su yi irin wannan karatu.

Ina ganin ba daidai ba ne wakilin inshora ya ce wa mutum “wannan ta ɗauke komai” alhali ya san akwai shafin da aka jera abin da ba ta ɗauka ba. Amma tunda ba kowa ne zai faɗa maka ba, tambayar da za ka yi ita ce: me da me ba ya ciki? Wannan tambaya ta fi tambayar me da me ke ciki amfani nesa ba kusa ba.

Wanda yake zaune a Amurka ko yake karanta bayanin inshora da aka rubuta a can sai ya ƙara kula, domin a can ma'anar ta fi ƙunci. A tsarinsu, *comprehensive coverage* tana biyan asarar da ba ta karo ba ce, kamar sata da gobara da ƙanƙara da faɗowar itace da buge dabba. Karo da wata mota yana da tasa inshorar daban mai suna *collision*. A Birtaniya kuwa ma'anar ta yi daidai da ta Nijeriya, inda ake da hawa uku: ta mutum na uku kawai, sai ta mutum na uku da gobara da sata, sai *comprehensive* a sama.

A makaranta da asibiti

A Ingila, *comprehensive school* tana da ma'ana ta musamman da ke da tarihi a bayanta. Bayan dokar ilimi ta 1944, yara sukan zauna jarrabawa suna da shekara 11, waɗanda suka ci su tafi makarantun *grammar*, sauran kuma a tura su makarantun da ake ganin ba su kai waɗancan daraja ba. A 1965 ministan ilimi Anthony Crosland ya buƙaci ƙananan hukumomi su koma tsarin makarantar da take karɓar kowane yaro na yankinta ba tare da tacewa ba. Abin da kalmar ta game a nan shi ne ɗalibai, masu ƙoƙari da masu rauni. Har mutanen Ingila sukan yi amfani da ita a matsayin suna su ce wane ya yi *a comprehensive*. A Nijeriya nauyin ya fi karkata ga darussa. Makarantar *Comprehensive High School* ta garin Aiyetoro da aka buɗe a 1963 a tsohon Yankin Yamma, da taimakon hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, da Jami'ar Harvard, an gina ta ne don ta haɗa karatun boko zalla da sana'ar hannu da kasuwanci da noma a haraba guda. Saboda haka uban da ya ga wannan kalma a allon wata makaranta yana da damar ya tambaya ko akwai ɗakin koyon sana'a da ɗakin gwaje-gwaje da malaman da za su koyar a cikinsu, domin sunan ya ɗauki wannan alkawari.

A harkar lafiya, *Comprehensive Health Centre* cibiya ce da ta fi ƙaramin asibitin unguwa yawan ayyuka amma ba ta kai babban asibiti ba. Akwai kuma gwajin jini da ake kira *comprehensive metabolic panel*, wanda ya ƙunshi awo 14 da suka shafi sukari da gishirin jiki da aikin ƙoda da na hanta, saɓanin ƙaraminsa mai awo 8. Duk da sunansa, ba ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ba ya nuna ƙarancin jini, ba ya nuna rukunin jini. Wanda aka ce masa sakamakon ya yi kyau kada ya ɗauka an duba masa komai.

Masu kama da ita da ba ita ba

Kuskuren da aka fi gani a rubutun ɗalibai shi ne sauya ta da *comprehensible*. Wannan ta reshen ganewa ce, ma'anarta abin da ake iya fahimta. Rahoto yana iya game kowane sashe amma a rubuta shi da harshen da ba mai gane shi, haka kuma yana iya zama mai sauƙin ganewa amma ya tsallake rabin batun. Wanda yake son yabon malaminsa da iya bayani ya ce *his explanation was comprehensible*, ko ma ya ce *clear* wadda ta fi sauƙi. Idan ya ce *comprehensive*, yabon da ya yi na rashin tsallake komai ne. Haka ma *comprehension* da aka sani a jarrabawar WAEC da NECO, ita ma auna fahimta ce, ba ta da alaƙa da gamewa.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci *compréhensif* tana nufin mutum mai fahimtar halin wasu, mai uzuri da sassauci. Wanda ya ɗauko wannan ya ce *my boss is very comprehensive* yana nufin maigidansa mai sauƙin hali ne, Bature ba zai gane shi ba, domin kalmar da ta dace ita ce *understanding*. A Ingilishi ba a sifanta mutum da *comprehensive*. Ana sifanta iliminsa ko aikinsa ko rahotonsa. Idan kuma aka juya, abin da Ingilishi ya kira *comprehensive* Faransanci yakan kira shi *complet* ko *global*, inshorar motar kuma ita ce *tous risques*.

Zaɓi tsakaninta da 'yan'uwanta

Ingilishi yana da kalmomi da dama da suke zagaye da wannan ma'ana, kuma gwanintar marubuci tana bayyana ne wajen ɗauko wadda ta dace. *Complete* ana amfani da ita ga abin da aka san adadinsa kuma babu ko ɗaya da ya ɓace, kamar Alƙur'ani izu 60 ko takardun neman aiki da aka ce a kawo guda biyar aka kawo biyar. *Exhaustive* ta fi kalmarmu tsanani, domin tana nufin an bi ɗaya bayan ɗaya har ba abin da ya saura. Jerin jihohin Nijeriya 36 yana iya zama *exhaustive*, amma jerin matsalolin noma a Arewa da wuya ya wuce *comprehensive*. *Thorough* tana magana ne kan zurfi da kulawa, ba faɗi ba, kuma ita ana iya sifanta mutum da ita: likita mai bin diddigi *thorough* ne. *Extensive* kuwa tana cewa abu yana da yawa ko faɗi ba tare da ta yi iƙirarin ya game duka ba, saboda haka ita ce mafaka mai kyau ga wanda ya yi aiki mai yawa amma ya san akwai saura.

Bambancin da na fi so a kiyaye shi ne tsakaninta da *universal*. Wannan tana amsa tambayar “su wa?”, kalmarmu kuma tana amsa tambayar “me da me?”. Shirye-shiryen ilimi na gwamnatin Nijeriya, wato UPE na 1976 da UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, duka suna ɗauke da *universal* ne a cikin sunansu, domin manufarsu kowane yaro ya samu ilimin farko. Ba su ce za a koya masa kowane fanni ba. Tsarin kiwon lafiya yana iya kaiwa ga kowa amma ya taƙaita ga 'yan cututtuka, ko ya game kowace cuta amma ya tsaya kan ma'aikatan gwamnati. Mai rubuta takardar manufa da ya musanya kalmomin biyu ya canza alkawarin da gwamnati ko ƙungiyarsa ta ɗauka.

*Inclusive* ta fi shafar mutane da rashin ware kowa, tana kuma da aiki a lissafi: *Monday to Friday inclusive* na nufin har da Litinin ɗin da Juma'ar, *inclusive of VAT* kuma na nufin an riga an haɗa harajin a cikin farashi. *All-inclusive* ta fi zama a harkar farashi, kamar otal ko kujerar tafiya da kuɗinta ya haɗa masauki da abinci da sufuri, ko da yake 'yan siyasarmu sun mai da ita sifar gwamnatin da ta dama da kowa. *All-encompassing* da *all-embracing* sun fi dacewa da abubuwan da ba a taɓawa, kamar aƙida ko tsarin rayuwa, kuma sun yi wa rahoton ofis nauyi.

Yadda ake sa ta a jimla

Wuri biyu take zama. Ko dai ta zo gaban suna, kamar *a comprehensive report*, ko ta zo bayan aikatau, kamar *the report is comprehensive*. Sunayen da ta saba tafiya da su sanannu ne: *list, guide, review, study, survey, plan, policy, coverage*. Ƙananan kalmomin da ke biyo baya na sunan ne ba nata ba, don haka ake cewa *a comprehensive guide to* amma *a comprehensive review of*. Tana karɓar daraja, ana cewa *more comprehensive* da *the most comprehensive*, kuma wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba “duka” take nufi ba, domin da haka ne da ba a sami wanda ya fi wani ba. Ba a ƙara mata *er* ko *est*. Bayanau ɗinta *comprehensively* ne, kuma a labarin wasanni yana nufin cin kaca. Lokacin da Jamus ta lallasa Brazil da ci 7 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, abin da ya dace a ce shi ne *comprehensively beaten*, wato an fi su ta kowane ɓangare na fili.

Kafin ka sa ta a rubutunka, ga hanyar da za ka auna ko ka cancanci amfani da ita. A ce ɗalibi ya rubuta a gabatarwar kundinsa na kammala digiri: *This is a comprehensive study of farming in Kano State.* Sai a tambaye shi, me ya yi a zahiri? Ya zagaya ƙauyuka uku a yankin Kura ya tattauna da manoman shinkafa. Sai ya ɗauki takarda ya jera sassan da taken nasa ya ƙunsa: noman damina da na rani, hatsi da kayan lambu, kiwo, taki da iri, bashi, kasuwa, da ƙananan hukumomi 44 na jihar. Da zarar ya ga jerin zai gane cewa aikinsa ya taɓa kaɗan ne daga ciki, kuma malamin da zai duba kundin zai fara kama shi ne daga wannan jimla. Gyaran hanya biyu ne. Ko dai ya rage iyakar har ta yi daidai da aikin, ya ce binciken ya shafi noman shinkafa na rani a ƙauyuka uku na Kura, sannan idan ya bi batun tun daga sharar gona har sayarwa ya sa kalmar da hujjarsa. Ko kuma ya bar taken ya canza sifar zuwa *detailed*, wato mai dalla-dalla. Na fi son hanya ta farko, domin tana tilasta wa marubuci ya faɗi gaskiyar girman aikinsa, kuma ƙaramin fili da aka nome tas ya fi babban da aka yi wa sassabe aka bari.

Idan ka yi amfani da ita, ka biyo ta da jimlar da ke faɗin abin da ka haɗa da abin da ka bari da gangan. Idan kuma ka ba da misalai ne kawai, ka kare kanka da cewa *this list is not comprehensive*, jimlar da ake yawan gani a takardun hukuma kuma take hana wani ya zo daga baya ya ce abin da ba a ambata ba an yafe shi. Kada ka jibga mata ƙarin kalmomi irin su *very* da *totally* da *holistic* a jere kamar yadda ake yi a jawaban buɗe taro. Sau ɗaya a inda ta dace ya wadatar, maimaita ta a kowane sakin layi kuwa yana sa mai karatu ya daina yarda da ita.

Mayar da ita Hausa

Masu fassarar labarai da takardun hukuma su sani babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke ta a ko'ina, sunan da take rakiya ne zai nuna abin da za a zaɓa. Ga rahoto ko bayani, “cikakke” ta fi zama a kunne: cikakken rahoto, cikakken bayani. Ga yarjejeniya ko tsari, “gamamme” ta fi kusa, kamar gamammiyar yarjejeniyar zaman lafiya, wadda ta yi daidai da *shamil* da Larabci ya yi amfani da ita ga yarjejeniyar Sudan. Ga bincike ko nazari, “mai faɗi” ko “wanda ya taɓo kowane ɓangare” sun fi aminci. A guji “game-gari”, domin ita tana nufin abin da ya shafi kowa ko ya zama ruwan dare, wato ta fi kusa da *general*. A takardar inshora kuwa, inda kalma ɗaya take iya zama hujja a gaban alƙali, gara a bar sunan yadda kamfani ya rubuta shi, sannan a bi shi da jimla guda ta Hausa da ke lissafa abin da za a biya da abin da ba za a biya ba.